Tauraron da Ya Shiga Rabon Gado

Bayan rasuwar Inna an raba duk abin da ta bari, kuma an raba shi da kyau. Mu uku ne magada. Akwai Yayata da ke aure a Argungu, gida uku ne tsakaninta da gidanmu, sai ni da aure ya kawo Badariya a Birnin Kebbi, sai autanmu namiji, manomin shinkafa da albasa. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, malami ne a unguwar Nasarawa nan Birnin Kebbi, shi ya shiga mota ya je Argungu ya zauna a kan buzu ya yi mana rabon. Gonar fadama, awaki, tasoshi, atamfofin da ba ta kai ga ɗinkawa ba, har turmi da taɓarya. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Aka shafa fatiha, kowa ya ce ya yafe wa kowa, irin yafiyar nan da ake yi da baki alhali ido na kan tasar da wani ya ɗauka.

Abu ɗaya ne bai shiga rabon ba, wani ƙunshin tsofaffin zannuwa da ke bayan ƙofar ɗakinta. Ba ɓoye shi aka yi ba. Baffa da kansa ya tsallake shi lokacin da ya shiga duba kaya. Yaya ta jingina tsintsiya a jikinsa. Auta kuwa a kansa ya zauna ya cire ƙaya daga takalminsa. Duk ilimin da ke gidan a ranar, babu wanda ya hango dukiya a cikin tsumma.

Ranar da zan koma gida na tura ƙunshin cikin buhun da aka zuba mini albasa. Ban tambayi kowa ba. Na rubuta wannan a fili don kada a ce na ɓoye, domin daga baya an maimaita mini shi har na haddace.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, da la'asar, a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Mu ne iyaye mata masu matse jiki a kan bencin da aka yi wa 'yan shekara bakwai. Ranar Laraba ba a karatu, sana'ar hannu ake koyarwa, kuma a nan malamarmu ta nuna mana bargon haɗi mai tauraro. Ana yanka kwali a karkace, kamar yankan tuwon madara, ya zama ma'auni. A ɗora shi a kan ƙyalle a zagaye da alli, a yanka, a bar ɗan baki na ɗinki. Waɗannan ƙananan yankan ake jerawa a haɗa su zama babban yanka ɗaya mai irin siffarsu, shi muke kira ƙafa. Ƙafa takwas in sun haɗa kai a tsakiya sun ba da tauraro. Daga nan a cike gefe da farin yadi, a sa shafi a baya, a shimfiɗa auduga a tsakani, a bi da allura a ɗinke su tare.

Da baki abin ba wuya. Na farkon da na gwada da ƙyallayen tela, tsakiyarsa ta tashi ta yi tsiri kamar murfin kwano. Malama ta ɗaga shi ta nuna wa aji, ta ce ga misalin abin da ba a so. Na ce to, Alhamdulillahi, ko ba komai na amfani jama'a. Ita ce ta faɗa mini cewa laifin ba na allura ba ne, na almakashi ne: in ka kauce da faɗin ƙwayar shinkafa a yanka ɗaya, kafin ka kai tsakiya kaucewar ta haihu ta yi jikoki.

Da hannuna ya faɗa, sai na kwance ƙunshin Inna. Na wanke, na shanya, na goge, na ware waɗanda suke da sauran rai. Takwas suka fito, kamar an ƙirga mini. Na ce kowane zane ya ɗauki ƙafa guda, in sirka shi da fari don ya fito. Akwai shuɗi mai zanen tsuntsaye da take ɗaurawa ranar Sallah. Akwai ja mai ratsin ruwan ƙwai na ankon bikina, wanda ta ce ya yi mata yarinta amma ta ɗaura shi har ya mutu. Akwai kore da takan sa in za ta zo duba ni a Birnin Kebbi. Shida daga ciki na san labarinsu. Biyu ban san su ba, wani ruwan ƙasa da wani da ba a gane ko toka ne ko shuɗi ne ya gaji. Sun koɗe, sun yi laushi kamar za su narke a hannu. Na so in bar su, amma tauraro ba ya tsayawa da ƙafa shida, sai na lallaɓa na yanko inda ya fi ƙarfi, na jefa su ta ƙasa inda ido ba ya fara sauka.

Wata biyar na yi a kansa, duka da hannu, don ba ni da keken ɗinki. In na sallami yara makaranta na share gida, sai in shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya in zauna har azahar. Yatsana na tsakiya ya yi kanta. Sau uku na farke tsakiyar kafin tsinin nan takwas su yarda su gaisa a wuri ɗaya. Ranar da suka yarda, na shimfiɗa shi a tsakar gida na tsaya a kansa ina kallo, har tuwo ya kama.

Da na bar shi a kan gadona, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Amma aka yi wa Auta haihuwa, za a yi suna a Argungu, zuciyata ta ce mini ai ɗakin mai jego zai so ado. Ƙarya zuciyar take yi. So nake a gani.

Aka kuwa gani. Na shimfiɗa shi a gadon mai jego, mata suka bar jariri suka zagaye bargo. Tsofaffin unguwa suka shiga nuna ƙafafu da yatsa, wannan ta ce ga zanen Sallar marigayiya, waccan ta ce ga wanda ta je mata barka da shi. Wata ta share hawaye. Wata ta ce a birni irin wannan sai manyan mata. Ni kuwa ina gefe ina cewa, "Kai, ba wani abu ba na, ɗan tsumma na," ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Yaya ta shigo da tiren shinkafa. Ta ajiye. Ta dubi bargon tun daga sama har ƙasa, ta daɗe a ƙasan. Sannan ta juyo.

"Wa ya ba ki?"

Na ce, "Mi, Yaya?"

"Zannuwan Inna. Wa ya ba ki su?"

"Ai tsummoki na, suna bayan ƙofa, kowa na ƙetare su."

"Don ana ƙetare abu shi ke nan ya zama naki? To rijiyar gidan ma ana zagaye ta, ki zo ki ɗauka."

Matan da ke yabo suka tuna da jariri a lokaci ɗaya. Ba a taɓa kallon jinjiri da natsuwa irin ta wannan rana ba.

Yaya ba mai ɗaga murya ba ce, mu duka haka Inna ta raine mu. A hankali ta ce wannan gado ne da ba a raba ba, kuma ita ba ta yafe nata kason ba. Ta ce a kai wa Baffa. Na ce, "Yaya, bargo za a kai gaban malam?" Ta ce, "An kai taɓarya ma."

Ranar Asabar muka hallara a zauren Baffa a Nasarawa. Ni na iso da bargo a cikin jaka na rungume ta, don na san abin da rabo yake nufi a kan abu ɗaya tilo: almakashi. Yaya ta zo, mijinta ya rako ta ya tsaya a waje. Auta ya zo da taɓon fadama a ƙafarsa, yana ta duba waya, don ya bar injin ban ruwa a hannun wani.

Baffa ya sa na shimfiɗa. Ya gyara tabarau. Mutumin da ya raba gonaki da shanu da gidaje shekara da shekaru, ga shi a duƙe a kan tsumman matar wansa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ke kika yi wanga da hannunki?"

Na ce, "Ni ce, Baffa."

"Madalla. Kin yi aiki. Kin kuma yi laifi."

Ya yi mini bayani tiryan-tiryan, cewa duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, haƙƙin magada ne har sai an raba ko an yafe. Na ce, cikin ladabi, ai a gabansa ƙunshin yake ranar rabo. Ya yi tari. Ya ce ɗan Adam ajizi ne. Na lura in malami ya manta ajizanci ne, in ni na ɗauka cin gado ne, amma na bar wannan a cikina, na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya tambayi sunan sassan, na ce ƙafa ake cewa. Yaya ta ce, "Tauraro da ƙafa. Karatun manya ya yi rana." Baffa ya ƙirga da sandarsa, ɗaya, biyu, har takwas, sai fuskarsa ta washe kamar ya tsinci abin da ya ɓace masa.

"To ai ta zo da sauƙi! Takwas. Namiji huɗu, mata bibbiyu. Ko gutsure babu."

Ashe wata biyar ɗin nan da na yi ina tsire yatsana, sauƙaƙa wa Baffa lissafi nake yi. Da na sani da na yi mai ƙafa bakwai, in ga yadda za a yi.

Ya ƙara da cewa farin yadi da shafi da auduga da zare nawa ne, tunda ni na kawo su, wahalar ɗinki kuma ba wanda ya sa ni, sai in nemi ladarta wurin Allah. Sannan ya ce mafi kyau shi ne a yafe wa juna a bar abu yadda yake. Ya dubi Auta.

Auta ya ɗago daga waya. "Wai ni ina da huɗu a nan?"

"Kana da huɗu."

"To mi zan yi da su? In rufe albasa?" Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya gyara zama, ya gyara murya, ya ce shi don Allah da darajar iyaye ya bar mini nasa duniya da lahira. Yadda ya faɗe shi sai ka rantse masallaci ya gina. Abin da bai san yana da shi ba sai minti biyu da suka wuce, ya kyautar, har Baffa na sa masa albarka. Na gode masa da gaske, don dai yanzu ina da shida.

Baffa ya juya ga Yaya. Ta ce ba ta yafe ba. Ya ce to ko a musanya mata da sabuwar atamfa, ƙanwarta ta saya mata. Na yi saurin cewa na yarda, har biyu ma. Ta ce tana da atamfa. Ya ce to a riƙa karɓa-karɓa, bana a Badariya baɗi a Argungu. Ta ce ita ba aro ta zo nema ba.

"Ƙafafuna biyu za a ba ni, Baffa. Kai ka ce biyu."

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce haƙƙinta ne. Ya leƙa cikin gida ya ce a miƙo almakashi.

A nan ne kawai na yi magana ba a tambaye ni ba. Na ce don Allah kada a sa masa ƙarfe. In an yanka, ƙafafun da ke maƙwabtaka za su zare, duka ya lalace. Na ce a bar ni in farke da reza, ɗinki bayan ɗinki, yadda na sa su. Baffa ya ce wannan tsakaninmu ne, ya tashi ya shiga alwala da saurin mutumin da ya tsira. Auta ma ya tuna da injinsa.

Muka rage mu biyu a zaure da bargo a tsakani. Na riga na sallama shuɗin nan mai tsuntsaye a raina, don shi kowa ke fara yabo, na kuma san ja zai bi shi. Na ce, "Zaɓi, Yaya."

Ta miƙa hannu ƙasa ta dafa ruwan ƙasan nan, ta dafa mai tokar da ke gefensa.

Na ce, "Waɗannan? Ai su ne suka fi mutuwa. Dubi nan, har haske ake gani ta ciki. Ki ɗauki na Sallah mana."

"Na Sallah ke kika san shi," in ji ta. "Ke da kike zuwa ranar Sallah."

Ta shafa waɗanda ta zaɓa, ta ci gaba.

"Waɗannan biyun su Inna ta ɗaura tun da ta kwanta. Sauran sun yi mata kaushi, suna cin jikinta. In ɗaya na jikinta ɗaya na kan igiya. Shekara biyu, kullum. Kina ganin rana ce ta koɗar da su? Hannuna na." Ta juya tafinta ta duba kamar za ta ga launin a ciki. "Na bar su bayan ƙofa don ban iya kallonsu ba tukuna. Na koma in ɗauka, na tarar da tsintsiya kaɗai."

Ni da na zauna wata biyar ina ba maƙwabta labarin kowane zane, ashe biyun da na tura ƙasa don kada su ɓata mini ado su ne Inna ta fi daɗewa a ciki a ƙarshenta. Ina zuwa dubiya, ba na ce ba na zuwa ba. Nakan zo da lemo da madara, in zauna in yi sannu, in kama motar la'asar. Kafin in iso Yaya ta canza mata ta ɗaura mata na kirki, don kada 'yar birni ta ga abin da zai tayar mata da hankali. Ni kuma ban taɓa tambayar abin da ke kan igiya ba.

Na so in ce ta ɗauki bargon duka. Na buɗe baki ma. Ta riga ni.

"Kada ki ba ni abin da ba nawa ba. Biyu."

Na fito da reza daga bakin zanena na fara. Wanda bai taɓa farke ɗinkin hannunsa ba ba zai gane ba: lokacin da nake yi ina alfahari da yadda na matse shi ƙanana-ƙanana, yanzu ga shi ina tsine wa ƙwazona. Sai na fara cire ɗinkin da ya ratsa auduga, sannan na bi gefen kowace ƙafa. In da labari ne na littafi, a nan Yaya za ta riƙe mini hannu ta ce bari, ya isa, mu rungume juna. Yayata ta gyara zama ta ce, "Bi a hankali nan wurin, za ki huda mini." Da la'asar ta yi har riƙe mini gefe ta yi don ya miƙe. Matar Baffa ta kawo mana fura, muka sha, muka ci gaba.

Da na gama ta ninke su ta sa cikin mayafinta. Na ninke nawa, da farar auduga tana leƙe ta inda aka cire. A bakin titi ta ce in gaida yara, na ce ta gaida gida.

Na cike gurbin da wani tsohon zanena. Bai zauna daidai ba, tsakiyar ta ɗan tashi, kuma duk wanda ya kalla sai ya tambayi abin da ya sami wancan gefen. Nakan ce gyara ne.

Bayan kamar sati uku, da hantsi, sai ga sallamar Yaya a Badariya, ita da ba ta zuwa sai da dalili. Ta sha ruwa, ta tambayi kowa da kowa har da akuyar maƙwabta, sannan ta zaro leda ta ajiye a gabana.

"Abin nan naki sai zarewa yake yi ta baki. Ba ya shimfiɗuwa, ba ya rufa komai. Wane irin yanka na wanga, duk a karkace?"

Na ce, "Ai ba a yi shi don ya zauna shi kaɗai ba."

"To ki mai da mini shi matashin kai. Ke kika iya ɓarnar, ke za ki iya gyaran."

Na ɗauko allura. Ta zauna a kan tabarmata a gindin dalbejiya tana duba aikina kamar ita ce malamar ajin. Na haɗa ƙafafun biyu gefe da gefe, na zagaye su da farin yadi. Da na ɗaga mata ta karkata kai ta duba.

"Wanga ai ba tauraro ba na. Wutsiyar kifi ta."

"Tauraro sai da takwas, Yaya. Biyu iyakar abin da suke bayarwa ke nan."

"To. Mu dama mutanen Argungu ne."

Na cusa auduga na rufe bakin. Ta karɓa ta matsa da hannu biyu, ta kwanta a tabarmar ta ɗora kai don ta gwada, ta juya fuska ta bango. Ta daɗe a haka, ni kuma na tashi na shiga kicin na ba ta wuri. Da na fito da abinci ta riga ta zauna, ta miƙo mini shi ta ce ya yi tauri, wuyanta ba na yarinya ba ne, in rage audugar. Na farke bakin na rage.